Filin Garka da Tsakar Gida: holin Amurka zai yi a Yamai kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan abu guda ne, iccen da ke zama kore shar rani da damina, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, unguwa ko gari kawai.

TAMBAYA: Malam ina wuni ya aiki. Ni wata uwa ce daga Yantala nan Yamai. Ɗana yana zaune Girinsboro can Amurka, a watan Disamba ya aiko mini foton wani ɗan icce da ke bakin ƙofar gidan da yake haya, duk itatuwan unguwar sun kaɗe ganye saboda sanyi amma shi kore shar da ƴaƴa jajaye ƙanana masu ƙyalli maƙale jikin reshe, wallahi ya ba ni sha'awa. Ya ce maƙwabtansa na ce ma shi holi kuma wai ɗan ƙasar ne ba a ba shi ruwa ma. Amma ni holin da na sani a katin Nowel ganyensa ƙaya gare shi, wannan kuwa ganyen ƙanana ne ba ƙaya. Shin holi ne da gaske? Kuma in ya zo hutu ya kawo mini iri zai yi a gidana? Na tura maka foton.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya raya mana shi ya dawo da shi lafiya. Na duba foton har na buɗa shi sosai a portabul, kuma maƙwabtan nasa ba su yi ƙarya ba, holi ne. Wanda kika sani a katin Nowel, wanda Faransawa ke ce ma hu, ɗaya ne kawai cikin dangi babba da masana ke kira Ilex, sun haura iri 400 a duniya, kuma da yawansu ba su da ƙaya ko ɗaya. Na foton nan shi ne ake kira yopon, sunansa na boko Ilex vomitoria, asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga wajen Bajiniya a bi bakin teku har Fulorida sannan a yi yamma zuwa Teksas. A jihar da ɗanki yake, Karolina ta Arewa, ya fi fitowa da kansa a yankin bakin teku cikin rairayi, a birane irin Girinsboro kuwa mutane ne ke dasa shi don ado da shinge.

Ga abin da na duba na gane shi, kuma ki ce ma yaron ya je gindin iccen ya tabbatar da idonsa don foto na iya ruɗi. Na farko zaman ganye a kan reshe. Holi kowane iri ganyensa bi da bi yake hawa, ɗaya nan, sai ka ɗan ƙara gaba ka ga ɗaya a wancan gefen, ba ya fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace amfani amma mutane ba su kula da ita, launin ƴaƴa kawai suke kallo. Sannan girman ganyen, na yopon bai cika wuce santimita 1 zuwa 3 ba, mai kauri ne da ɗan ƙyalli, bakinsa kuma ba sumul yake ba, yana da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe marasa tsini tun daga gindi har kai. Ɓawon reshen fari-fari ne mai ruwan toka, ƴaƴan kuma jajaye ne kamar haske na ratsa su, zaune daf da reshe ba su reto. Duka na gani a fotonki.

A unguwar tasu zai iya cin karo da wasu ƴan'uwansa. Akwai babban holin Amurka, Ilex opaca, wannan icce ne sosai yana kai metir 15, ganyensa faffaɗa mai ƙaya amma ba ya ƙyalli kamar na Turai. Akwai kuma Ilex glabra mai baƙaƙen ƴaƴa da ke son wuri mai danshi, ƙudan zuma na son furensa har zumarsa ta yi suna a Jojiya da Fulorida. Shi kuwa na katin Nowel, Ilex aquifolium, ɗan Turai ne, ko da yake yana nan a duwatsun Maroko da Aljeriya inda ake sanyi da ruwa, ɗalibanmu da ke karatu can wataƙila sun gan shi ba su san shi ba. Wani abin sha'awa gare shi, ganyen ƙasa-ƙasa inda bakin dabba ke kaiwa shi ke da ƙaya sosai, na can sama sau da yawa sumul yake, icce guda ganye iri biyu.

To mu zo kan tambayar da ta fi damunki. Hajiya gaskiya ban ba ki shawarar ki sa rai ba. Maganar da aka gaya ma ɗanki cewa ba a ba shi ruwa gaskiya ce, amma a can. Girinsboro na samun ruwan sama wajen milimita 1,100 a shekara kuma kowane wata sai an yi, ba su da wani abu wai shi rani na wata takwas. Mu nan Yamai abin da muke samu 500 zuwa 600 ne, shi ma ya tattaru tsakanin Yuni da Satumba, daga nan sai hunturu ya zo ya tsotse danshin iska, sai Afrilu da Mayu su shigo da digiri 41, 42 har sama. In littafinsu ya ce yopon na jure fari, farin ƴan makonni suke nufi a ƙasar da iskarta ke da laima. Ba a ba shi ruwa ne don yana gidansu, ƙasar da ruwan da sanyin duk nashi ne.

Kuma ko an ce a yi ta ban ruwa da robine, akwai wasu matsaloli biyu da mai kawo iri bai sani ba. Holi namiji daban mace daban ne, kamar dabino. Macen ce ke yin jajayen ƴaƴan nan da suka burge ki, kuma ba ta yi sai da namiji kusa da ƙwarin da za su ɗauko garin furensa su kai mata. In kika shuka tsaba ba ki san me ya fito ba sai ya girma ya yi fure, shekaru ke nan, kina iya wahalar banza ki tarar duk maza ne. Na biyu tsabar kanta mai taurin kai ce, tana iya kwana cikin ƙasa shekara guda ko biyu har uku kafin ta tsira, tana jiran zafi ya wuce sanyi ya ratsa ta, shi ya sa masu pepiniyar na can ba su cika wahala da tsaba ba, reshe suke yanka su kafa. Reshe ko ɗan dashe kuwa ba a ɗauko shi haka nan cikin jaka a hau jirgi, sai da takardar lafiyar tsiro, kuma ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma na da ikon riƙe shi. Dokar nan ba don a takura ma kowa ba ne, duk wanda ya ga yadda furozofis, wani icce mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don tare hamada, ya mamaye wurare a yankin tafkin Cadi ya san baƙon icce ba abin wasa ba ne.

Cikin dangin holi duka yopon ne dai ya fi kusa da iya jure mu, yana son rairayi, ba ya tsoron gishiri, yana ɗaukar rana. In da za a gwada, sai a babban baho, gefen gabas na gida inda rana ke barinsa tun kafin azahar, ƙasa mai rairayi da ruɓaɓɓen ganye, ruwa kullum a bazara. Zai iya rayuwa a wahalce, amma kyan nan na foto ban yi miki alkawari ba, faktir ɗin ruwa kuwa na yi miki. Ki karanta amsar da na ba malamin Tahoua a ƙasa, akwai abin da zai fi miki.

TAMBAYA: Salam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni. Na ga wani bidiyo wai ana shayi da ganyen holi a Amurka, to amma mu an koya mana ƴaƴansa guba ne, wanne ne gaskiya? Daga Harobanda.

AMSA: Ƙanena duka biyun gaskiya ne, ganye daban ƴaƴa daban. Wannan yopon ɗin da na yi ma Hajiya bayani a sama shi ne ake shayin da shi, ganyensa na da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi, kuma asalin mutanen ƙasar tun kafin Turawa su je suna gasa ganyen su dafa su sha. A wani tsohon birni nasu da ake kira Kahokiya, kusa da Sen Luwis ta yanzu, an tono kofunan ƙasa na kusan shekara 900 da suka wuce an tarar da alamar abin shan a ciki, alhali iccen ba ya fitowa a wurin, ka ga ke nan fatauci ake yi da ganyen daga nesa. Sunan bokon nasa na tsorata masu jin Faransanci don akwai amai a ciki, Turawan farko ne suka ga ana shan sa da yawa a bukin tsarkake jiki ana amayarwa suka ɗora laifin kan ganyen, amma shayin da aka dafa daidai ba ya sa amai.

Kai da kake kallon ƙwallo ma ka sha ganin ɗan'uwansa ba ka sani ba. Ɗan kofin nan mai bututun ƙarfe da Messi da ƴan wasan Ajantina da Urugwai ke yawo da shi, mate ke nan, ganyen Ilex paraguariensis ne, shi ma holi.

Ƴaƴan kuwa ba a ci. Tsuntsaye na cinye su lafiya lau har su ne ke yaɗa irin, amma mutum, musamman yaro, in ya ci da ɗan yawa sai amai da zawo. Kuma kar wani ya ji wannan ya ce ma ɗan'uwansa da ke Amurka ya tsinko ganyen shingen gida ya dafa, don akwai wani icce ɗan Sin da ya bazu a kudancin ƙasar, ganyensa kamar na yopon sak amma biyu-biyu yake fitowa kuma ƴaƴansa baƙi-baƙi ne, wannan ba abin sha ba ne. Ga kuma maganin ƙwari da ake fesa ma shingen gidajen haya. Wanda ke so ya sayi na fakiti.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayi wani fulawa jika 3 wajen masu saida dashe a bakin hanya, mai shi ya rantse mini hu ne na Faransa. Ganyen ƙanana da ƴar ƙaya a baki, ya taɓa yin fure mai ruwan hoda sau ɗaya. Yanzu sabon ganyen duk ya koma rawaya amma jijiyoyin kore. Ina zuba mai ruwan wanke-wanke da toka don an ce tana kashe gara. Me ya same shi? Wata ma'aikaciya daga Kwara Kano.

AMSA: Madam furen nan da kika ambata shi ya warware maganar. Furen holi ƙarami ne fari, galibi mai kunne huɗu, ɓoye a hammatar ganye, in ba ki duƙa ba ma ba ki ganinsa. Fure mai ruwan hoda da ganye ƙanana masu ƙaya ya fi kama da wani ɗan icce na tsibiran Karibiyan da masana ke kira Malpighia coccigera, ana saida shi a ƙasashen zafi da sunan holi saboda kamar ganyen kawai, ba dangi ba ne ko kusa. Ki duba reshen, in ganyen biyu-biyu ne suna kallon juna to shi ne. Ban ce mai dashen ya cuce ki da gangan ba, shi ma yadda aka gaya mai ya gaya miki, kuma in shi ɗin ne ma kin ci riba don ɗan ƙasar zafi ne, ya fi na Faransa iya zama da mu nesa ba kusa ba.

Rawayar nan kuwa daga hannunki ta fito, ki yi haƙuri. In sabon ganye ya yi rawaya jijiya ta tsaya kore, yawanci ƙarfe ne tsiron ya kasa sha daga ƙasa, ba don babu ba, sai don ƙasar ta yi kanwa-kanwa da yawa ta riƙe shi. Toka da ruwan sabulu da omo duk abin da suke yi ke nan, haka ɓaraguzan siminti in an cika tukunya da ƙasar da aka kwaso wurin gini, abin da ya yi yawa a sababbin kartiye. Rairayin jigawarmu shi kansa ɗan tsami-tsami gare shi, mu ne ke ɓata shi a gida. Ki daina tokar yau, ki juye tukunyar ki canza ƙasa da rairayi mai kyau kashi biyu da taki wanda ya ruɓe sosai kashi ɗaya, ki tabbatar gindin tukunyar a huje yake ruwa na fita, ki riƙa ba shi ruwa mai tsabta ya ratsa har ya zubo ta ƙasa. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba lalle ya dawo ba, sabon toho za ki sa ma ido. Gara kuwa ki ɗora tukunyar kan bulo ko dutse ta rabu da ƙasa, ya wadatar.

TAMBAYA: Malam muna gaisuwa daga Tahoua. Ni malamin lakwal ne, na samu ɗan fili bayan gari na gina ɗaki biyu, ba ni da kuɗin katanga yanzu. Ina son abin da zan shuka ya zama shinge, ya zauna kore har bazara, awaki ba su cinye shi ba, kuma ruwa nan sayen shi mukai da bido. Wani abokina da ya yi karatu Faransa ya ce can da hu suke shinge. Mi za ka ce?

AMSA: Mushe sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a shiga lafiya. Abokinka gaskiya ya faɗa game da Faransa, amma hu na can inuwar daji yake so da sanyi da ƙasa mai danshi, Tahoua kuwa ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, ga wurare da yawa a Adar masu farin dutse, irin wanda ake haƙa a Malbaza a yi siminti, ƙasar da yawancin holi suka tsana. A Afirka kudu da Sahara holi guda ne ma ɗan ƙasa, Ilex mitis, shi ma sai kan duwatsu masu sanyi a bakin rafi, irin na Kamaru da Habasha da Kenya har Afirka ta Kudu. Mu bar wannan.

Abin da kake nema yana bayan garinku, anza. Na san wasu za su yamutsa fuska, don tun yunwar 2005 da ƴan jaridar waje suka riƙa nuna mata na jiƙa ta aka maida ta alamar talauci, har mutum na jin kunyar a gan ta ƙofar gidansa. Ni dai ban san wani ƙaramin icce namu da ya cika sharuɗɗanka kamar ta ba. Ka fita cikin Afrilu lokacin da sabara ta yi furu-furu, geza ta zama itacen wuta tsaye, ka duba fako da gefen dutse da kan tsohon suri, abin da za ka gani kore duhu kamar an ba shi ruwa jiya anza ce. Masana na ce mata Boscia senegalensis, tana daga Muritaniya da Senegal har Sudan, kuma tana rayuwa a inda ruwan shekara bai kai 300 ba ma. Ga masu karatu na birni da ba su san ta ba, rassa take yi da yawa tun daga gindi, tsawonta metir 2 zuwa 4, ganyen mai kauri ne da tauri kamar fata, jijiyoyinsa farare sun fito raɗau ta ƙasa, ba ta da ƙaya. Tana fure da sanyi, ƙanana kore-kore a dunƙule masu ƙamshi, ƴaƴan kuma zagayayyu ne a tattare, kore sannan su koma rawaya wajen faɗuwar damina. Awaki ba su damu da ganyenta ba sai in sun rasa komai, wannan kaɗai ya isa a girmama ta a Adar.

Amma sai ka san halinta kafin ka fara, don nan ne mutane ke faɗuwa. Tsabarta ba ta ajiyuwa, in ta bushe ta kwana biyu a leda ta mutu, saboda haka ka tsinko nunannun ƴaƴa a farkon damina ka cire tsabar ka shuka a kwanakin nan. Kuma a wurin da za ta zauna za ka shuka ta kai tsaye, biyu ko uku a rami, don saiwa take fara turawa can ƙasa kafin ta damu da sama, in an tsirar da ita a leda saiwar ta naɗe, in an cirota daga daji kuwa an tsinke saiwar, da wuya ta kama. Sannan ba ta sauri ko kaɗan. Shekarar farko da ta biyu za ka ce ba ta yin komai, aikin a ƙasa yake. Ka yi mata ɗan rami mai tare ruwa irin tassa ko rabin wata da manomanku suka ƙware a kai tun zamanin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, ka kare ta daga tattakin dabba, shi ke nan, ba ta neman bidonka bayan ta kama.

Tun da ba ta da ƙaya kuma tana da nawa, ita kaɗai ba za ta tare maka akuya bana ba. Ni da fili nawa ne sai in yi layi biyu. Ta waje magarya da aduwa kusa-kusa, su ne masu ƙayar, magarya na saurin tashi in ana sassabe kanta ta yi cunkus, ga ƴaƴa yara su samu, sai dai tana rage ganye da rani. Aduwa ba ta sauri amma kusan duk shekara da ganyenta, ƙayarta doguwa kore, ganyenta biyu-biyu a kan kara guda, ba mai kasa gane ta, ga dubagira ga ƴaƴa ga man ƙwallonta. Ta ciki sai anza. Kafin su tashi ka kewaye da darni ko busasshiyar ƙaya na shekara biyu zuwa uku, ba makawa, in ba haka ba magaryar ma tana ƙarama awaki za su gama da ita. Dogon yaro kuwa ka sa guda ɗaya ko biyu don inuwa nesa da ɗaki, kar ka yi shinge da shi a ƙaramin fili. Ya yi aiki a kwarin Majiya inda aka fara jera shi a 1975 don tare iska, ya yi a koren ɗamarar Yamai, wato itatuwan da aka dasa a gefen birnin, da aka soma a 1965, amma shi ma baƙo ne daga Indiya kuma babban icce ne, zai shanye maka wurin.

Ribar anza ba ta tsaya ga kore ba. Tsofaffi na sa ganyenta cikin rumbu da buhun wake don ƙwari, kuma bincike ya tabbatar ganyen na fitar da wani sinadari mai yaji da ke kashe su. Tsabar kuwa abinci ce ta gaske in an gyara, ana jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan ana sakewa har ɗacin ya fita tas sannan a dafa, dilo ke nan. Wadda ba ta jiƙu ba ba a ci, ɗacin nan guba ne, a ja ma yara kunne. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayenta hannun matan ƙauye yana gari da biskit da ita.

Hajiyar Yantala, ke kuma da jajayen ƴaƴa suka ɗauki hankalinki, ki nemi iccen asuwaki, Salvadora persica. Kore ne duk shekara, ganyensa mai ɗan tsoka biyu-biyu, rassansa na zubowa ƙasa, yana yin ƴaƴa ƙanana a zangarniya masu ja zuwa ruwan hoda, kuma waɗannan ana ci, ɗan yaji-yaji gare su. Ya fi son laka da inda ruwan ƙasa ke kusa, ba ya tsoron gishiri, a unguwarku ta kusa da kogi ba zai sha wuya ba. Ki tambayi ma'aikatan gandun daji tun kafin bukin dashen itace na 3 ga Agusta, don lokacin ne pepiniyoyinsu ke cike.

TAMBAYA: Malam akwai wani haki da ke fitowa garkarmu ta albasa da rani, ganyen duk ƙaya da farin zane, furen rawaya. Yarona ya ce ya gan shi a littafin lakwal wai shi ne hu. Daga wajen Galmi.

AMSA: Alhaji ka gaida yaron, ya yi ƙoƙari da ya lura da ƙayar, amma ba shi ba ne. Wannan kwarko ne, wasu na ce mai haƙorin kada, Argemone mexicana, asalinsa Meziko. Holi icce ne mai itace da ke shekaru, wannan kuwa haki ne na shekara guda, ka karya karansa za ka ga ruwa rawaya ya fito, holi ba ya haka. Baƙaƙen tsabarsa guba ne, a Indiya an sha samun mutane sun kumbura har an rasa rayuka saboda man tsabar ya gauraya da man girki, to kar a bari ta shiga cikin iri ko abincin kaji. A tuge shi tun yana fure kafin kwanson ya bushe ya fashe, don guda ɗaya na zubar da tsaba mai yawan gaske, a sa tsumma ko safar hannu saboda ƙayar, a tara a ƙone can gefe ba cikin ramin taki ba.